Mata Biyu, Jariri Ɗaya: Abin da Ƙissar Annabi Sulaiman Ke Koya Wa Mai Hukunci

A Badarawa, kamar a Malali da Unguwar Dosa da Kawo, yara kan taso daga makarantar boko da rana, su nufi Islamiyya da yamma. A can suke fara jin ƙissoshin annabawa, kuma da wuya ɗalibi ya yi nisa bai ji ta matan nan biyu da suka yi jayayya a kan jariri ba. Sau da yawa akan ba da ita a matsayin labarin basira, yara su yi mamaki, a wuce. Alhali malaman fiƙihu sun ɗauke ta ginshiƙi a babin alƙalanci.

Bukhari da Muslim sun ruwaito ta daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. A zamanin mulkin Annabi Dawuda (AS), wasu mata biyu suna tare, kowacce da ɗanta, sai kerkeci ya ɗauke ɗaya. Kowacce ta dage cewa nata ne ya tsira. Annabi Dawuda ya bai wa babbar. Da suka biyo ta wajen ɗansa Annabi Sulaiman (AS), sai ya nemi a kawo wuƙa ya raba musu yaron. Nan take ƙaramar ta roƙe shi kada ya aikata, ta ce ɗan babbar ne. Sai ya hukunta cewa nata ne.

Tambayar farko ga ɗalibi ita ce: me ya sa babbar ta yi nasara da fari? Daga cikin amsoshin da Imam Nawawi ya kawo a sharhin Muslim, akwai yiwuwar yaron yana hannunta ne, ɗayar kuma ba ta da shaida. Ke nan hukuncin farko yana da madogara, domin an gina shi a kan zahiri. Amma zahiri yakan rufe gaskiya, shi ya sa ƙofar bincike ba ta rufuwa.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi. Ƙaramar da bakinta ta yi iƙirarin cewa yaron ba nata ba ne, iƙirari kuwa yana cikin mafi ƙarfin hujjoji a gaban alƙali. Duk da haka ba a kama ta da shi ba, domin an gane tausayin uwa ne ya fito da shi. Imam Nasa'i ya ciro hukunce-hukunce daga nan: alƙali na iya ambaton abin da ba zai aikata ba don gaskiya ta bayyana, ana iya warware hukuncin da ya gabata, kuma ana iya ƙin aiki da iƙirari idan ta tabbata gaskiya ba a nan take ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, ya kafa hujja da ita a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya a kan aiki da alamomi wajen shari'a.

Ɗaliban adabin Turanci za su iya auna ta da gajeren labarin Frank Stockton na Amurka, wanda ya fito a 1882. Sarkin da ke cikinsa yakan tsayar da wanda ake tuhuma gaban ƙofofi biyu: bayan ɗaya damisa, bayan ɗayar amarya. Wadda ya buɗe ita ce hukuncinsa. Wannan sarki ya miƙa shari'a ga sa'a, ya hutar da kansa wahalar bincike. Annabi Sulaiman kuwa ɗaukar wahalar ya yi, har gaskiya ta yi halinta.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan mizani. A wasiƙar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya keɓe babi ga wajibcin binciken al'amura, wani kuma ga adalci a hukunci.

Darasin bai tsaya a kotu ba. Maigida mai sasanta matansa, da uwar da yara suka kawo wa ƙara, da mai unguwa, da malamin aji, duk alƙalai ne a muhallinsu. Sau nawa ake bai wa babba gaskiya don girmansa, ko mai kaifin baki don ya iya tsara magana? Sau nawa marainiya ko 'yar aiki ke amsa laifin da ba ta yi ba, don tsoron duka ko don ta rufa wa ƙanenta asiri? Haka nan ihun "ɓarawo" a kasuwa, ko saƙon da ya zagaya WhatsApp, kan isa taron jama'a su yanke hukunci, rai ya salwanta kafin a tambayi wanda ake zargi ko da kalma ɗaya.

Don haka idan malami ya karantar da wannan ƙissa, ya dace ya dakata kafin ƙarshenta, ya tambayi ɗalibai: wa za ku bai wa yaron, kuma da wace hujja? Iyaye ma su jarraba haka a gida bayan Magariba. Yaron da ya saba neman hujja tun yana ƙarami, da wuya ya ɗauki dutse a cikin taro idan ya girma. Allah Ya sa mu dace.