Haske Mai Shekara Miliyan Sittin a Kan Sorayen Sheshe

A tsakiyar Disamba, wajen ƙarfe goma na dare, taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta sukan tsaya kusan tsakar ka a birnin Kano. Wanda ya hau soro a Sheshe a wannan lokaci, ya fuskanci kudu sak, ya ɗaga kai kimanin digiri 42, to idonsa yana kan wani gungun taurari da masana suka sa wa lamba NGC 1365. Ba zai gan shi ba, domin sai da madubin hangen nesa, balle ga hazon hunturu da fitilun gari.

James Dunlop ne ya gano shi daga Ostireliya a 1826. Siffarsa kamar ta dodon koɗi ce, amma akwai wani doron taurari da ya gitta tsakiyarsa, tamkar azara a rufin ɗaki, hannuwa biyu kuma suka murɗe daga bakinta. Wannan azara ba ado ba ce. Ita ke koro iskar gas da ƙura zuwa cibiya, inda sababbin taurari ke samuwa, inda kuma baƙin rami mai nauyin rana kimanin miliyan biyu yake. A 2013 na'urorin NuSTAR da XMM-Newton suka nuna cewa ramin yana juyawa kusa da iyakar saurin da zai yiwu. Gungun da ranarmu ke ciki ma yana da irin wannan azara.

Mai nazarin halittu kuwa, nisan ne ya fi jan hankalinsa. Hasken da ke iso mana yanzu ya baro can tun kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wato ba da jimawa ba bayan ƙarewar manyan dabbobin nan dainaso. A lokacin teku ne ya lulluɓe ƙasar Sakkwato. Haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadojin da ake tonowa a wajen Dange da Wurno na wannan zamani ne, haka ma farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Ɗalibanmu sukan ji adadin shekarun nan su haddace shi don jarrabawa kawai, abin da a ganina asara ce. Da za a kai su bayan gari a daren da babu hazo, da madubi ko da matsakaici ne, da sun ga wani ɗan dishi-dishi da ya kamo hanya tun kadojin Dange suna iyo.