Dalilin da Ya Sa Gwanayen Python Ke Rage Umarnin Maimaici

Duk ɗan koyo a fagen rubuta manhaja, da wuri ake nuna masa umarnin maimaici, wato for, wanda ke sa kwamfuta ta bi jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma da hannunsa ya faɗa, sai ya ga gwanaye na kauce wa wannan umarni duk inda suka samu hali.

A ɗauki kamfanin da ke da farashin kaya miliyan ɗaya, yana son ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kowanne. Idan aka bi ta for a Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, a kowane zagaye sai an duba wace irin lamba ce wannan, a nemo yadda ake ninka ta, sannan a tanadi sabon wuri a ajiye amsa. Haka za a yi ta yi har sau miliyan, kamar mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya alhali ga mudu a gefensa.

Da NumPy kuwa, layi ɗaya ya wadatar: farashi * 1.075. Travis Oliphant ne ya jagoranci haɗa wannan ɗakin karatu na manhaja, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2006. NumPy yana jera lambobi iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa a ma'adanar kwamfuta, ya duba irinsu sau ɗaya tak, sannan ya miƙa aikin ga umarnin da aka riga aka rubuta da harshen C. Maimaicin yana nan, gangarawa ya yi inda ba a ɓata lokaci, shi ya sa saurin kan ninka sau goma ko fiye.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1962 Kenneth Iverson ya wallafa tsarin APL, mai lissafi da jeri sukutum. 

Sai dai ba ko'ina dabarar take ci ba. Inda kowane mataki ke jiran amsar na baya, sau da yawa dole a koma ga for. Ga kuma cin wuri: lambobi miliyan 100 masu bit 64 na cinye megabait 800, kuma dogon lissafi kan ƙirƙiro wasu jerin na wucin gadi masu wannan girman kafin amsa ta fito.