Taswirar Filin Daga a Kan Tebur



Yau za mu leƙa wani wasa ne da mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur su yi. Kowa ya zaɓi jarumin da zai zama, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, ɗaya kuma ya zama jagora mai ba da labari. Wanda ya fi suna a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Idan labari ya kai inda faɗa zai kaure, sai jagora ya shimfiɗa taswira. Ita ce batunmu.

Wannan al'ada daga barikin soja ta fito. A 1824, wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar da wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira, rundunar ja da rundunar shuɗi, da alƙali a tsakani. Daga hafsoshi ne abin ya gangaro hannun masu nishaɗi.

To, yaya ake zanen? Takarda ce ko shimfiɗar leda mai gida-gida. Kowane gida inci ɗaya ne, kuma yana tsaya wa ƙafa 5 a cikin labarin. Jarumin da ke iya tafiyar ƙafa 30 idan zagaye ya zo kansa, gida 6 ke nan zai matsa. Jagora ya ɗauki alƙalamin maka ya ja bango, ya sa ƙofa, ya zana rafi. In an gama, a sa jiƙaƙƙen tsumma a goge.

Ga daji da duwatsu kuwa, an fi son gidaje masu kusurwa shida, irin na saƙar zuma. Dalili shi ne, a gida mai kusurwa huɗu, wanda ya ratsa ta kusurwa ya fi wanda ya miƙe cin nisa. A mai kusurwa shida, duk maƙwabtan gida nisansu ɗaya.

Sai dai, masu sauraro, kyan zane ba shi ne kyan taswira ba. Ku ɗauki ɗaki fayau, babu komai ciki sai dodo. Me ya rage wa 'yan wasa? Su ruga su sara, shi ke nan. Yanzu a sa ginshiƙai biyu, da gadar igiya a kan rami, da tudu a gefe. Nan take shawara ta tashi. Maharbi zai nemi tudu. Mai rauni zai laɓe bayan ginshiƙi, domin a dokar Dungeons & Dragons ta 2014, wanda rabin jikinsa ya ɓuya yana samun ƙarin maki 2 na kariya. Laka ko ɓaraguzai kuwa, kowane gida a cikinsu biyu ake ƙirga shi. Wani ma zai ce, a bari dodon ya hau gada, mu yanke igiyar!

Shi ya sa har yau ake yabon taswirorin mai zane Jennell Jaquays, musamman na wasan Caverns of Thracia na 1979: mashiga da yawa, hanyoyi masu zagayowa, da matakalai na ɓoye. Babu hanya guda tilas.

Wasu kan sassaƙa tsaunuka da soso mai tauri su shafa fenti. Wasu kuma tun 2012 sun koma dandalin intanet na Roll20, inda kwamfuta ke rufe duk sashen da jarumai ba su taka ba. Ko da wanne aka yi, mai zane tambaya ɗaya yake yi wa kansa: na ba mutanen nan zaɓi kuwa?

A nan za mu dakata.