Kuɗin Gwamnati a Hannun Iyaye: Takaddamar Asusun Karatu a Amurka

A shekarar 2009 kotun ƙoli ta jihar Arizona ta soke wani shiri da gwamnati ke biya wa wasu yara kuɗin makaranta mai zaman kanta, saboda tsarin mulkin jihar ya hana a tallafa wa irin waɗannan makarantu da na addini da dukiyar jama'a. Masu son shirin sai suka sake lale. A 2011 suka fito da asusun ajiya na karatu. Maimakon a miƙa kuɗin ga makaranta, sai a zuba wa iyaye kusan kashi 90 cikin 100 na abin da jiha za ta kashe wa ɗansu, su zaɓi inda za su kai: makarantar kuɗi, ko malamin da zai zo gida, ko littattafai, ko masu kula da yaro mai naƙasa. Da aka koma kotu, wannan sakin marar ne ya ceci shirin a 2013. Tunda kuɗin na iya bin hanyoyi da yawa, ba a iya cewa don makarantun addini aka ware shi ba.

Yanzu kuma wannan sakin marar ake ta ɗaurewa.

Muddin shirin na yara masu naƙasa ne da wasu 'yan tsiraru, ba a cika damuwa ba. Sai a 2022 Gwamna Doug Ducey ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofa ga kowane ɗalibi a jihar. Daga yara kusan 12,000, cikin shekara biyu aka haura 70,000, akasarinsu kowa na samun wajen dala 7,000 a shekara. Fulorida ta bi sahu a 2023. Kafin a ankara, jaridu sun cika da labarin abin da ake saya: tikitin wasan zamiya a kan ƙanƙara, ƙananan kwale-kwale, darasin hawan doki. A Fulorida, jagorar sayayya da kanta ta halasta talabijin mai inci 55 da tikitin shiga wuraren shaƙatawa. Iyaye suna cewa duk karatu ne. Mai biyan haraji da ɗansa ke zaune a ajin da malami ke sayen fensir daga aljihunsa, shi kuwa ba haka yake gani ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai labarin kwale-kwale ba shi kaɗai ya jawo ƙaidin ba. Akwai nauyin da shirin ya ɗora wa kasafin kuɗi, domin da yawa daga cikin sababbin shiga dama can ba a makarantar gwamnati suke ba, wato sabon kashe kuɗi ne. Akwai kuma ƙarancin ma'aikata. Kowane rasit sai an duba shi, kuma a ƙarshen 2024 buƙatun biyan kuɗi sun taru dubun-dubata a ma'aikatar ilimi ta Arizona, har shugabanta Tom Horne ya ce a riƙa biyan duk abin da bai kai dala 2,000 ba, a bincika daga baya. An gudu ba a tsira ba, domin ta wannan kafar wasu sayayya marasa kan gado suka wuce.

Jihohi sun mayar da martani kowace da salonta. A 2025 Yuta ta hana sayen tikitin ƙanƙara, ta ƙayyade kashi 20 cikin 100 ga wasannin motsa jiki, ta rage kason masu karatu a gida daga dala 8,000 zuwa 4,000 ko 6,000 gwargwadon shekarun yaro. Akansas ta sa iyakar kashi 25 a kan sufuri da kuma ayyukan bayan aji. A Fulorida an yi yunƙuri a 2024, iyaye suka yi caa a kan 'yan majalisa, aka janye.

Wanda ƙaidin ya fi ci shi ne abin dubawa. A Arizona, bayan babbar lauyar jiha Kris Mayes ta matsa a 2024 cewa kayan ƙarin karatu sai an nuna manhajar da ke buƙatarsu, iyaye suka wayi gari suna rubuta hujjar sayen fensir da littafin hira, har cibiyar Goldwater ta kai ƙara a madadinsu. Mai hali zai saya da kuɗinsa ya jira a mayar masa ko da wata uku ne. Uwar da ke lissafin kuɗin haya ba ta da wannan sararin. Kuɗin makaranta mai zaman kanta kuwa, wanda shi ne kaso mafi tsoka, yana wucewa salin-alin, kuma a Arizona doka ba ta tilasta wa waɗannan ɗalibai jarrabawar jiha ba. Ana ƙirga fensir ɗaya bayan ɗaya, ba a tambayar ko yaron ya iya karatu.

Tekzas da ta zo daga baya ta yanke nata tun daga tushe. Dokar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu a 2025 ta ware dala biliyan ɗaya, ɗalibin makarantar kuɗi ya samu sama da dala 10,000, mai karatu a gida kuwa dala 2,000. Sunansa dai asusun iyaye, amma rabon ya fi kama da shirin nan da kotun Arizona ta soke a 2009.