Wayar Da Uba Ba Ya Iya Ƙwacewa A Ƙasar Batsari

A ƙauyukan yammacin Jihar Katsina, irin su Yasore da maƙwabtanta na ƙasar Batsari da Safana, da can idan aka idar da sallar lisha sai samari su watsu, wasu dandali wajen langa da kokawa, wasu kuwa gaban malam suna tilawa a bakin wuta. A yau mai neman yaro ɗan shekara 14 zuwa 17 sai ya nufi shagon cajin waya. Nan zai tarar da su jere bisa benci, kowa ya sunkuyar da kai, ko sallama ba su amsawa.

Dalilin da ya sa shagon ya zama matattara ba ɓoyayye ba ne. Inda babu wutar lantarki, dole a kai waya wurin mai janareta ko mai sola, kuma sau da yawa a nan ne ake tura wa yaro wasan ƙwallo, da na harbe-harbe, da finafinan Indiya da aka fassara, a kan kuɗi kaɗan. Wanda ba shi da waya ma ba ya rasa rabo, sai ya tsaya bayan abokinsa yana leƙe har dare ya raba. Da safe kuwa ga gyangyaɗi a aji, ga kasala a gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin allo cikin jerin cututtuka a shekarar 2019, jerin kuma ya fara aiki a 2022. Alamunta uku ne, watau mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan bisa sauran harkokin rayuwa, kuma ya ci gaba alhali yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Galibi sai abin ya kai wata 12 kafin likita ya kira shi ciwo. Hukumar ta ce kaɗan ne daga masu wasan ke kaiwa wannan hali, saboda haka ba kowane yaro mai son wasa za a ɗauka majinyaci ba.

To, a birni sai a ce wa uba ya ƙwace wayar kawai. A bakin dajin Rugu maganar ba ta da wannan sauƙi. Tun da ɓarayin daji suka addabi yankin, waya ta zama ƙararrawar gari, da ita ake sanar da ƙauye na gaba cewa an ga babura. Sau da yawa kuma yaron nan shi ne mai karanta saƙo a gidan, shi ke kiran 'yan uwa da suka yi hijira zuwa Batsari ko Katsina. Uban da ya karɓe wayar ya toshe kunnen gidansa ke nan.

Har wa yau, abubuwan da ke cika lokacin saurayi sun ragu. Gonakin gero da rogo na nesa da gari an bar da yawansu saboda tsoro, hirar dandali ta yi wuya, kuma bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020 an rufe makarantu na wani lokaci. Yaron da aka hana gona aka hana aji, ina zai sa kansa?

An taɓa ganin abin da tsinke layi ke iya yi. Cikin Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka kuma hana sana'ar cajin waya, duk domin tsaro. Amma yawancin wasannin da ke cikin wayoyin yaran ƙauye ba su bukatar intanet, daga waya zuwa waya ake tura su. Ƙasar Sin, wadda a Agusta 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako, ta iya hakan ne domin wasanninta na kan layi ne, kuma sai da sunan gaskiya ake shiga. Wannan dabara ba ta da inda za ta kama a Yasore.

Abin da ke hannun iyaye ya fi wannan kusa. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa kiran gaggawa, tana kuma riƙe caji kwanaki, sai ita ta kwana a kunne, babbar ta kwana wurin uba. Mai shagon caji kuwa ɗan gari ne, mai unguwa da liman sun san shi. Idan suka zauna da shi aka yanke lokacin tashin yara, an rage rabin rigimar ba tare da an ɗaga bulala ba. Sai dai a tuna shi ma abincinsa ke nan, kuma zaman yaran ne ke kawo masa ciniki.