KOYON KIƊA TA INTANET: INA MAKOMAR KALANGU DA GOGE A ZANGO?

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Duk wanda ke zaune a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Madina, in dai yana lura da 'yan makaranta, ya san cewa hanyar koyon kiɗa ita kanta ta sake. A da, yaron da ke son ya iya kiɗa hanya biyu gare shi: ko dai ya gada a gidansu, ko kuwa ya bi wani makaɗi yana ɗaukar masa ganga zuwa gidajen suna da na aure shekara da shekaru, har ran da maigidan zai ce masa, to karɓi ka taɓa mu ji. Yau kuwa sai ka tarar da yaro ɗan shekara 13 a bakin shago, ya ari wayar yayarsa, wani malami da ke Ingila ko Amurka yana nuna masa inda zai ɗora yatsa a kan fiyano. Wannan al'amari ya kamata mu iyaye da malaman makaranta mu zauna mu dube shi da idon basira, domin akwai riba a cikinsa, akwai kuma abin da muke gab da yin asararsa.

YADDA ABIN YA FARO

Karatu ta allon waya ya shigo mana gadan-gadan ne a shekarar 2020. A watan Maris na wannan shekara gwamnati ta rufe makarantu saboda annobar korona, kuma yawancin yaran firamare ba su koma aji ba sai a watan Janairu na 2021. A tsakanin nan ne hukumar ilmi ta ƙasa ta buɗe tashar Ghana Learning TV don koyar da darussa ta talabijin, malamai kuma suka shiga aika wa ɗalibai aiki ta WhatsApp. Annoba ta wuce, amma yara sun riga sun gane cewa akwai malami a cikin waya.

Sai kuma ga sauyin manhaja. A shekarar 2019 aka shigo da sabuwar manhajar firamare, daga baya ta ƙaramar sakandare ta biyo, inda aka sa darasin fasaha da ƙirƙira, wanda ya haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. A shekarar 2024 darasin ya shiga jarrabawar BECE, shekarar da Larabci ma ya shiga. Ke nan yaron zango, ko gidansu na son kiɗa ko ba sa so, zai gamu da tambayoyin kiɗa a takardar jarrabawa. To, makarantu nawa ne a unguwanninmu ke da malamin da ya karanci kiɗa, balle a ce ɗakin da aka ajiye kayan kiɗa? Mai karatu ya san amsa. Shi ya sa yaron da ya matsu yake komawa intanet.

ABIN DA AKE KOYARWA

Darussan iri biyu ne. Akwai na koyon hannu, wato yadda ake kaɗa fiyano ko gita ko busa sarewa. Akwai kuma na ƙa'idojin kiɗa, wato ilmin yadda sauti yake da yadda ake rubuta shi. A nan ne yaro zai koyi cewa ana rubuta kiɗa a kan layuka biyar, kowane layi da kowane fili tsakanin layuka yana da sautinsa. Cewa siffar alama ita ke nuna tsawon sauti, wata bugu huɗu, wata biyu, wata ɗaya, wata rabi. Da kuma sunayen sautuka bakwai da muka sani tun muna firamare, wato do, re, mi da sauransu, waɗanda asalinsu ke komawa ga wani malamin coci na Italiya mai suna Gido na garin Arezo, a ƙarni na 11.

Wasu darussan kyauta ne, kamar ɗimbin da ke YouTube. Wasu kuma na makarantu ne masu tsari, da aikin gida da gwaji. Kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka ta fara koyarwa ta intanet tun shekarar 2002. Jami'ar Edinbara ta Sikotilan ta ɗora darasin tushen ƙa'idojin kiɗa a dandalin Coursera. Hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da ake kira ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana da matakai 8, kuma daga shekarar 2020 ta mai da jarrabawar ƙa'idoji ta mataki na 1 zuwa na 5 kan kwamfuta, ta kuma buɗe hanyar da ɗalibi zai ɗauki bidiyon kansa yana kiɗa ya aika a duba.

Kada mu raina wannan. A da, ilmin rubutun kiɗa a ƙasar nan yana hannun 'yan mawaƙan coci ne da makaɗan soja da 'yan sanda da kuma 'yan makarantun mishan. Ɗan zango ba ya zuwa coci, saboda haka ƙofar a rufe take gare shi tun daga farko. Yanzu ga shi ta buɗe, kuma ba sai yaro ya bar unguwarsu ko addininsa ba. Mun kuma san akwai baiwa a nan. Ƙungiyar VIP da ta yi tashe a faɗin Afirka ta Yamma a farkon shekarun 2000 daga Nima ta fito, da Hausar zango a bakinta.

INDA GIZO KE SAƘA

Amma fa mai karatu ya gwada neman darasi mai tsari, mataki bayan mataki, na kalangu ko goge ko gurmi ko algaita. Abin da zai samu galibi bidiyon biki ne da wani ya ɗauka da waya. Za ka ga makaɗi yana aiki, ba za ka ji wanda ya tsaya ya ce ga yadda ake riƙewa, ga abin da za ka fara da shi ba. Sakamakon haka, yaron da kakansa sarkin makaɗa ne yana iya ƙwarewa a gita alhali bai san taken gidansu ba.

Kuma ƙa'idojin da ake koyarwa an gina su ne a kan kiɗan Turai. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin do da do na sama kashi 12 daidai wa daida. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya kuwa a kan sautuka biyar suke tafiya. Wanda ke son ya ji kamanninsu, ya taɓa baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai, zai ji wani abu mai kama da na gida. Mun ce mai kama, domin mai goge ba shi da maɓalli. Tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki a kan ƙwarya da aka rufe da fatar guza, yatsunsa ne ke zamewa a kai, yana fitar da sautukan da ke tsakanin maɓallan nan.

Kalangu ya fi haka ma. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka ta itace daban, kuka na hawaye daban; wuya ta wahala daban, wuya na jiki daban; hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin da ke jikin gangar a hammatarsa, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka gangar ke bin karin harshe har ta faɗi take da kirari, wanda aka kira kuma ya ji ya waiwayo. Haka lunga ta Dagwamba take, haka donno ta Asante. Babu darasin Landan da zai koya wa yaro wannan, domin sai wanda ya san harshen da mutanen da ake yi wa taken.

Akwai kuma iyakar na'ura. Bidiyo ba ya kama hannun yaro ya gyara masa riƙo. Sauti kan ɗan makara a hanyar intanet, don haka mutum biyu da ke wurare daban ba sa iya haɗa bugu daidai. Kiɗanmu kuwa na taro ne: uban kiɗa, 'yan amshi, mai kanzagi, mata na guɗa, kowa na sauraron kowa. Ga kuɗin data, ga ɗaukewar wuta, ga gidan haya mai ɗaki ɗaya inda ba wurin da yaro zai yi gwaji ba tare da maƙwabta sun yi ƙorafi ba.

DAMUWAR IYAYE

Ba za mu ɓoye ba, iyaye da yawa ba sa son jin zancen nan. Wasu na ganin kiɗa roƙo ne, ɗan mutunci ba ya yi. Wasu na tsoron yaro ya bar makarantar allo ya bi 'yan shaye-shaye. Wasu kuma dalilin addini ne. Hukuncin kayan kiɗa fage ne na malamai, sun kuma yi saɓani a kai tun da daɗewa, saboda haka kowane gida ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da za mu iya tunatarwa kawai shi ne, ilmin awon sauti ba baƙo ba ne a wurinmu. Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara ilmin aruli, wato ma'aunan waƙa, tun ƙarni na 8. Alfarabi ya rubuta babban littafi a kan kiɗa a ƙarni na 10. A nan ƙasar, Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa bisa awo. Ɗalibin da ke rera Ishiriniya da daddare, ko mai bege a wurin maulidi, yana aiki da dogon sauti da gajere ko ya sani ko bai sani ba.

Game da tsoron lalacewa kuwa, yaro ya riga ya riƙe wayar. Gara ya riƙe ta a gabanmu, a kan darasi mai lokaci da gwaji, da ya riƙe ta a lungu ba wanda ya san abin da yake kallo.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Abokan zamanmu sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. Ephraim Amu, wanda aka haifa a Peki a 1899 ya rasu a 1995, malamin kwalejin horon malamai ne a Akropong. Ya koyi ƙa'idojin kiɗan Turai sarai, sa'an nan ya juya ya bi tsofaffin makaɗa yana koyo yana rubutawa. A shekarun 1930 ya rasa aikinsa a can saboda ya nace wa tufafin gargajiya da gangunan gida. Shi ne ya ɗauki atenteben, sarewar gora ta mutanen Kwahu, ya gyara ramukanta yadda za a iya koyar da ita a aji da rubutu. Yau ana busa ta a makarantu, ana kuma samun darussanta a intanet. Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar kiɗan ƙabilun ƙasar nan a faifai, kuma taskar da ke ɗauke da sunansa tana Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Legon. Har wata farfesa Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, ta wallafa littafi a 2008 a kan goge a wurin Fulani da Hausawa da Dagwamba. Wasu sun zo daga nesa sun rubuta namu. Mu da ke zaune da masu abin me muka rubuta?

Lokaci kuwa ba ya jira. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Waɗannan sun bar kaset. Makaɗan zangonninmu da suka yi wa kakanninmu kiɗan sallah da naɗin sarauta, yawancinsu ko kaset ba su bari ba.

ABIN YI

Shawararmu ita ce a haɗa biyun. Yaro ya ɗauki ƙa'ida daga waya, ya ɗauki hannu daga tsoho. Makaranta ko ɗakin karatu na unguwa na iya ware yammacin Asabar, a tara yara goma ko goma sha biyar a kan kwamfuta ɗaya, a sauke darasin tun da wuri don a rage kuɗin data, malami ɗaya ya zauna da su. Sati na biye a gayyato mai kalangu ko mai goge, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami, yara su ji, su gwada, sa'an nan su yi ƙoƙarin rubuta abin da suka ji. Inda layuka biyar suka gaza, su rubuta kalmomin taken a ƙarƙashi, su sa alamar hawa da sauka. 'Yan mata ma a ba su wuri, domin kiɗan ƙwarya da waƙoƙin gaɗa da na daka a hannun iyayensu mata suke.

Samarinmu masu ɗaukar bidiyon biki kuma su juya kyamara sau ɗaya a wata, su ɗauki darasi: ga sunan kowane sashe na gangar, ga riƙo, ga bugun farko, a hankali, da Hausa, da izinin mai kiɗan da sunansa a kai. Darasi goma irin wannan zai amfani yaro a Kumashi da Tamale da Lome, har da jikokinmu da ke Jamus da Amurka. Muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ɗauki nauyin farawa, masu neman tallafi kuma su tuna da Asusun Raya Zangonni da aka kafa bisa dokar 2017. Kuɗin da ake liƙi da shi a biki ɗaya ya isa sayen kalangu biyu da ƙaramin fiyano na lantarki.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Tsofaffin suna nan da ransu a cikin lungunanmu, wayar kuma tana hannun yara. Saura mu haɗa su zama ɗaya tun kafin a wayi gari ana cigiya. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin.