Bikin Kirsimeti da Rarar Kuɗin Ikilisiya

A ikilisiyoyin arewacin Nijeriya masu yin sujada da Hausa, watannin ƙarshen shekara su ne lokacin da kuɗi ya fi shigowa, kuma a nan ne ya fi fita. Ana farawa da godiyar kaka a wajen Oktoba ko Nuwamba, sai Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, sai sujadar shiga sabuwar shekara. Tsarin kusan ɗaya ne a ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga aikin mishan na SIM, da COCIN mai tushe a mishan na SUM, da EYN wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, har da Angilikan da Katolika, ko da yake kowace ɗarika da yadda take tafiyar da nata.

Godiyar kaka biki ne na manoma tun asali. Ranar sujadar, iyalai suna fitowa gida-gida da waƙa da rawa, suna kawo buhun masara ko dawa, da doya, da kaji, wani ma har da akuya. Wanda ba ya noma sai ya sa nasa a ambulan. Bayan an tashi a wurare da yawa akan yi gwanjon kayan, kuma gwanjo ne da ya saɓa wa na kasuwa: mai saye yana sane yake ƙara farashi, don ya san kuɗin aikin Ubangiji za su tafi. Zakara ɗaya yakan tashi a ninkin kuɗinsa.

Kirsimeti kuwa bikin komawa gida ne. 'Yan ƙauye da ke aiki a Abuja, Kano, Kaduna ko Legas suna cika motoci zuwa kudancin Kaduna, Filato, Tangale ko Adamawa. Zumuntar Mata ta fito da anko, tana waƙa da kiɗan tulu, matasa su shirya wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, maza su haɗa kuɗi a yi watanda, a yanka sa a kasa nama. Ana dafa shinkafa, a soya cincin, a aika wa maƙwabta Musulmi nasu rabo, kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah. Majami'ar da ta saba da mutum ɗari ran Lahadi sai ta rasa wurin zama, kuma baikon ranar yakan zarce na makonni da dama. Wani ɗan gari da ya samu buɗi ya miƙe ya yi alkawarin wani abu mai tsoka. Daga nan ne rarar take fitowa, wato kuɗin da babu wanda ya sa su a kasafi.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne ko rarar ta gaskiya ce. Sau da yawa ana ƙirga abin da ya shigo kafin a biya mai rumfa da kujeru, da mai man janareto, da matan da suka ciyo bashin kayan miya da sunan coci. Akwai kuma kason da ɗariku da dama suka ɗora wa kowace ikilisiya ta aika wa gunduma da hedikwata. Alkawarin da aka yi da baki a gaban jama'a ba kuɗi ba ne sai ya shiga hannun ma'aji, kuma masu riƙe littafin coci sun san wasu alkawuran Disamba har Ista ba a gama cika su ba. Sannan duk kyautar da mai ita ya ambaci inda yake so ta tafi, ko rufin kwano ne ko taimakon marayu, ba ta cikin rara. Karkatar da irin wannan kuɗi zuwa wani aiki, komai kyawunsa, ba tare da an koma wurin mai bayarwa ba, yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin kashe wa masu bayarwa gwiwa.

Sai batun wanda ke da ikon yanke shawara. A mafi yawan ɗarikun, wannan aikin dattawan ikilisiya ne tare da fasto, magatakarda da ma'aji, sannan a karanta wa jama'a rahoto. A Katolika akwai kwamitin kuɗi da ke ba Fada, wato limamin cocin, shawara. Al'adar da ta kafu ita ce mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, su sa hannu. Abin yana da tushe a Littafi Mai Tsarki: a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, sura ta 8, Manzo Bulus ya bayyana cewa gudummawar da aka tara wa mabukata sai da aka haɗa ta da mutanen da ikilisiyoyi suka amince da su, don kada wani ya sami abin zargi. Kuɗin da ba a zata ba sun fi bukatar wannan kariya, domin babu wani layi a kasafi da zai nuna sun ɓace.

A zaman dattawa kowa da abin da ke ransa. Masu son gini su ne suka fi rinjaye, saboda bulo da kwano abu ne da ido ke gani, kuma mai bayarwa zai dawo baɗi ya tarar da shaida. Matasa suna son amsa-kuwwa da kayan kiɗa. Wani zai tuna cewa ana bin coci albashin fasto, ko mai bishara da aka tura ƙauye bai ga komai ba tun damina. Waɗanda ba kasafai ake jin muryarsu a zauren ba su ne gwauraye da marayu da marasa lafiya, alhali rigimar farko da aka rubuta game da rabon kaya a ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura ta 6, a kan gwauraye aka yi ta, har aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon. Bashi da haƙƙin ma'aikata su ya dace su zo gaba, domin su ba zaɓi ba ne. Abin da ya saura ne ake iya tattaunawa a kai, kuma a nan akwai tarko ɗaya da ake yawan faɗawa: a ɗauki kuɗin da suka zo sau ɗaya a fara abin da zai riƙa cin kuɗi duk wata. Motar coci tana shan mai, tana neman direba da gyara, ko da baikon Fabrairu ya koma yadda yake.

Ajiya ma ba ta rasa nata haɗari. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a sama da kashi 34 cikin ɗari, ma'ana kuɗin da aka bari a banki shekara guda sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za su iya saya. Shi ya sa wasu ikilisiyoyin karkara ba sa sayar da dukan hatsin godiya. Suna zuba shi a rumbu har zuwa Yuli da Agusta, lokacin da abinci ke ƙarewa a gidaje, sai a raba wa mabukata ko a ba da rance a biya da kaka. Idan don riba aka ajiye, ba kullum ake dacewa ba, don a 2025 farashin masara faɗuwa ya yi, ga kuma ƙwari da ɓera. Wasu kuma sukan sayi siminti ko kwano nan take, wanda ya fi dacewa idan aikin ya riga ya kankama.

Lokacin zaman shi ma yana da tasiri. Shawarar da aka yanke a makon biki, ana tsakiyar murna kuma manyan baƙi suna zaune, takan karkata ga abin da zai burge. Jinkirta ta zuwa tsakiyar Janairu yana ba ma'aji damar rufe littafin shekara, a ga ainihin abin da ya rage. A daidai wannan lokaci ne kuma makarantu suke komawa zango na biyu, iyaye sun kashe na hannunsu a kan ɗinki da nama da kuɗin mota, sai buƙatun kuɗin makaranta su fara isowa teburin dattawa, ta yadda za a iya auna su da sauran ayyuka kafin a raba ko sisi.